Delia Padden da Jariran da Ba Su Shiga Rajista Ba

Ƙarfe tara da kwata na kowace safiya, in ka cire Lahadi, za ka ji keken Delia Padden yana gangarowa daga kan gada. Ba ƙararrawarsa ake ji ba, sarƙarsa ce, wadda rabonta da mai tun ina saurayi. Takan jingine shi a katangar coci, ta zagaya ta baya, ta buɗe ɗan ɗakin da ke manne da inda Fada, limamin cocin, yake rataye rigunansa. Da farko ta ɗora butar shayi. Sannan ta bi kundayen rajistar cocin ɗaya bayan ɗaya tana shinshinawa, domin a ƙauyenmu Kilvarra ruwan sama ba ya sallama kafin ya shiga ɗaki, kuma hancin Delia ya riga idon kowa gane damshi. In ta tabbata lafiya lau suka kwana, sai ta maƙala tabarau ta zauna jiran wasiƙu.

Ni na yi shekara talatin da huɗu ina kawo mata wasiƙun nan, kafin ciwon gwiwa ya zaunar da ni. Daga Boston, daga Liverpool, daga Sydney, duk tambaya ɗaya ce: kakana ya bar ƙauyenku a shekara kaza, su wane ne iyayensa, ina gidansu yake? Ita ce mai amsawa. Rajistar baftisma da ta aure da ta mutuwa, tun daga 1852, ta kwafe su kaf da hannunta, har da shafukan da ɓera ya ɗanɗana. Kuma babu wanda ya naɗa ta. Wani Fada ne a 1983 ya roƙe ta ta taimaka da sharar ɗakin na mako guda, to har yau ba ta gama sharar ba. Ƙarshen wannan wata za ta miƙa mabuɗi tana da shekara saba'in da tara, saboda idonta ya fara gaza karanta rubutun da ita da kanta ta yi.

Za a haɗa mata shayi da kek a zauren coci, a tafa, a watse. Ni wannan bai ishe ni ba. Ina da abin faɗa a kanta, kuma a cikinsa akwai ranar da na yi mata rashin mutunci alhali ita ce da gaskiya.

Bari in fara da yadda take aiki. Mutanenmu ba sa amsa tambaya. Ka tambayi dattijon Kilvarra sunan kakarsa, sai ya dubi sama ya ce da alama za a yi ruwa. Amma kuskura ka faɗi sunan ba daidai ba a gabansa, ko ciwon ajali yake yi sai ya tashi zaune ya gyara maka. Delia ta gano haka tun da wuri, sai ta daina tambaya, ta koma yin kuskure da gangan.

Na ga wannan da idona lokacin da wata ma'aikaciyar jinya ta zo daga Cleveland da tsohon hoto, tana neman asalin kakan babanta, Michael Lavelle. To, a shekaru goman da ake zaton an haife shi, Michael Lavelle goma sha ɗaya aka yi wa baftisma a cocinmu. Delia ta jira Lahadi. Ana fitowa daga sujada ta ja baƙuwar zuwa inda dattawa ke jingina da katanga, ta ɗaga murya kamar da baƙuwar kaɗai take.

"Ai ke jinin Lavelle ɗin Bakin Tafki ce, ba ko tantama."

Packie Deane, wanda ya yi shekara biyar yana cewa ba ya ji, ya cire lofe daga bakinsa. "Bakin Tafki? Haba Delia, tsufa ya fara taɓa ki ne? Mu ga hoton." Ya duba, ya yi tsaki. "Ke dubi kunnuwan nan, kamar an bar ƙofofin mota a buɗe. Ina na Bakin Tafki suka samu kunne? Wannan na Kan Dutse ne. Ɗan Michael Gurgu, wanda ya fasa wa ɗan sanda hanci ranar kasuwar tumaki, washegari sai jirgin ruwa."

"Ba hanci ba ne, haƙori ne," in ji na kusa da shi.

"Kana wurin?"

"Kai kana wurin?"

Delia ta ce, "To ku yi haƙuri, ni ce na ruɗe." Ta koma ɗakinta ta buɗe kundi, ga Michael ɗan Michael na Kan Dutse, sunan uwarsa ya yi daidai da wanda ke bayan hoton. Da yamma aka kai baƙuwar kangon gidan, ta tsaya a inda murhu yake tana kuka, tana kuma shafa kunnenta.

Irin wannan aikin kowa yana yaba mata. Akwai wani kuma da aka daɗe ana harararta a kansa. Duk ɗan Kilvarra ya san Tudun Jarirai, can ƙarshen gonar Ruddy, wajen teku. A zamanin iyayenmu, jaririn da ya zo babu rai, ko ya koma kafin a yi masa baftisma, ba a kai shi maƙabartar coci, ba a kuma sa shi a rajista. Uban ne da ɗan'uwansa za su ɗauke shi kafin gari ya waye, su binne a tudun, su aza ɗan farin dutse, su dawo su shiga aikin gona. Uwar ba a nuna mata wurin. Maza sun ɗauka in ba ta sani ba za ta fi saurin mantawa, kuma ban ce mugunta ce ta sa su ba, iya saninsu ke nan.

A 1991 Delia ta sayi littafin makaranta mai baƙin bango, ta fara rubuta waɗannan jarirai: na wane ne, wace shekara, wane dutse. Aka yi mata caa. Wasu suka ce a bar kaza cikin gashinta. Wani ya tare ta a shago ya ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Ta ce masa, "Ai matarka ba ta daina tunawa ba, kai ne ba ta faɗa wa." Ta ci gaba da bin gidaje da kekenta, shekara da shekaru, har littafin ya kai jarirai ɗari da arba'in da uku, da taswirar duwatsun da ta zana da hannu. Ni kaina, in faɗi gaskiya, ina cikin masu cewa matar nan ta cika tone-tone.

Sai bazarar bara. Innata, Una Munnelly, tana da shekara tamanin da bakwai, zuciyarta ta gaji, likita ya ja ni gefe ya ce kada mu yi dogon shiri. Wata rana da la'asar ina shafa mata man shanu a burodi, ta ce, "Fintan, kai fa ba kai ne ɗan farina ba."

Na ajiye wuƙar.

"Watan Nuwamba, 1958. Na ji motsi har ranar Talata, ranar Laraba shiru. Da na haihu ungozoma ta rufe da tawul ta fita. Ban ga fuska ba. Ubanka bai taɓa ɗaga maganar ba har ya mutu, ni ma ban ɗaga ba." Ta gyara bargo a ƙafarta. "Ba na so in tafi ban san inda yake ba. Ka je wurin Delia."

Na girma a gidan nan, na binne ubana daga gidan nan, ban taɓa jin ko da ƙishin-ƙishin ba. Na je wurin Delia. Ko mamaki ba ta yi ba, ta buɗe baƙin littafin ta juyo mini shi. Ga shi nan da sunan ubana: na Dominic Munnelly, Nuwamba 1958. 'Yar ungozomar ce ta faɗa mata shekara ashirin da suka wuce. Amma gurbin dutse babu komai.

"Mutum biyu suka je," in ji ta. "Ubanka da ƙanensa. Ƙanen nan, Bartley, shi kaɗai ya rage a raye."

Baffa Bartley yana da shekara casa'in da biyu, kuma tun yana saurayi ba a taɓa cin nasarar musu da shi ba. Ranar Alhamis nake kai masa cefane, sai Delia ta biyo ni. Ta sha shayinsa, ta yabi karensa, sannan ta shimfiɗa taswirar a tebur ta ce da ni, "Ai na gano wurin. Ga shi nan, kusurwar arewa, jikin katanga. Nan za mu kai Una."

Na zuba masa ido ina jiran ya yi tsalle. Ya kurɓi shayi ya ce, "Delia, tarkon nan naki na kama irin su Packie ne. Na yi wa Dominic alkawari da shebur a hannuna. Ki kai ta arewa, ki kai ta kudu, ruwanki."

A hanyar dawowa na tsayar da mota na ce mata, "To mu kai ta arewar mana. Duwatsun duk iri ɗaya ne. Ki nuna mata ɗaya ki ce shi ne, ta yi kukanta, hankalinta ya kwanta. Wa zai sani?"

"Ni."

"Ke da kullum ƙarya ce sana'arki a bakin coci?"

"Ina yin ƙarya ga wanda ya san gaskiya, don ya fito da ita. Ban taɓa yi wa wanda bai sani ba. Uwarka ta yi shekara sittin da biyar ana zaɓar mata abin da ya kamata ta sani. Ba zan zama ta ƙarshe a layin ba. Kuma dutsen da zan nuna mata ɗan wata ne, Fintan."

Raina ya ɓaci. Na ce mata littafinta ya fi mata mutane, na ce macen da ba ta taɓa haihuwa ba ina za ta san abin da uwa ke ji. Na faɗi haka, da bakina, ga matar da ta haura saba'in. Ta buɗe ƙofa ta sauka, ta taka mil biyu zuwa gida cikin yayyafi, ni kuma na zauna a mota ina huci kamar ni aka yi wa laifi.

Delia, ke ce kika koma gidan Bartley Alhamis ta gaba, a kan keke, kamar ba a yi komai ba. Kika same ni ina jera masa gwangwani a kicin, kika gaishe ni, na amsa ciki-ciki. Ba ki ƙara shimfiɗa taswira ba. Kika zauna kika buɗe baƙin littafin kika fara karanta masa daga farko, a hankali, kamar mai karanta jarida ga makaho. Na Ruddy, 1931. Na Deane, tagwaye, 1934. Na Gaughan, 1934. Yana cewa, "Wa ya aike ki?" Kina cewa, "Idona ne ke gazawa, ina so ka ji ko akwai kuskure." Shafi huɗu kawai kike yi ki tafi.

Mako shida ana haka, Inna kuma tana ƙara ramewa. Ta daina hawa bene, aka sauko mata da gado. Kullum na shiga sai ta dube ni, ba ta tambaya, ni kuma in kama zancen yanayi kamar kowane ɗan Kilvarra. Wannan kallon nata shi ne abu mafi nauyi da na taɓa ɗauka, kuma duk lokacin ina jin haushin Delia.

A Alhamis ta bakwai Delia ta kai ƙarshen littafin, ta rufe. Ina tsaye a ƙofar kicin. Baffa Bartley ya dubi murhu, ya ce, "Akwai kuskure."

"Ina?"

"Babu na 1961."

Delia ta sake buɗewa ta duba. "Na wa?"

"Nawa." Ya share hanci da bayan hannu. "Ni da Sabina. Dominic ne ya riƙe mini shebur, kamar yadda na riƙe masa. Muka sa shi gefen nasa, don kada ya zauna shi kaɗai. Ta tambaye ni sau ɗaya, muna tonon dankali. Na ce ta bar zancen. Ta bari."

Sabina matarsa ta rasu shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Duk ƙauyen nan mun ɗauka Allah bai taɓa ba su ko ɓari ba.

Delia ba ta rubuta komai ba tukuna. Ta ce, "Sabina ta tafi ba ta sani ba, Bartley, wannan babu mai gyara shi. Una tana nan da rai, amma ba na jin za ta ga girbi."

Baffa ya gyara zama. Can ya ce, "Alkawari kaya ne, na ɗauka har ya karya ni. In na je can, ni da Dominic ma ƙarata. Dama ya saba da bakina." Ya juyo gare ni. "Kai kuma kana tsaye kamar turke. Je ka nemo tarakta, uwarka ba za ta iya taka gonar Ruddy ba."

Ranar Asabar da hantsi muka ɗaure kujerar Inna da igiya a bayan tarakta, Baffa Bartley a kan damin ciyawa a gefenta, Delia tana biye da littafinta a cikin leda. Inna ta ce da mai tuƙin, "A hankali, ɗan nan, ba buhun dankali ka ɗauko ba." Muka kori tumaki daga tudun. Ciyawa ta kai gwiwa, duwatsun suna leƙowa nan da can, kowanne bai fi burodi girma ba.

Baffa ya tsaya a gindin wata tsohuwar ƙaya. "Taku tara daga nan, ka fuskanci teku. Nawa takun ya tsufa. Kai ka yi, ƙafar ubanka gare ka."

Na yi taku tara. Na durƙusa na buɗe ciyawa, ga fararen duwatsu biyu, kafaɗa da kafaɗa. Ko kusa da kusurwar arewa ba su yi ba.

"Na hagu ne naki, Una."

Muka sauko da ita da kujerar muka ajiye a gaban dutsen. Ta sunkuya ta ɗora tafinta a kai. Na zaci za ta yi kuka, ba ta yi ba. Ta ɗago ta ce, "Bartley, mace ce ko namiji?"

A nan ne na gane ko wannan ba a faɗa mata ba.

"Mace," in ji shi. "Da gashi baƙi, cike da kai. Irin naki."

"To Nuala ce. Da namiji ne, Cormac." Ta juya. "Rubuta, Delia. Nuala Munnelly. Ki rubuta da kyau."

Delia ta tsuguna ta ɗora littafin a gwiwa, ta kai fuskarta dab da shafin ta rubuta. Sannan ta dubi Baffa ta ce, "Naka fa?"

Ya dubi dutsen dama. "Namiji ne. Sunan kuwa Sabina ce ta sani. Ban taɓa tambayarta ba."

Har yau gurbin sunan nan babu komai, kuma Delia ta ƙi yarda kowa ya cika shi da zato.

Na je na ba ta haƙuri ranar Litinin. Ta ce in daina tsayawa a ƙofa ina shigo da iska, in zo in riƙe mata tsani. Iyakar abin da ta ce ke nan a kan maganar da na faɗa mata, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Delia Padden, rumbun sunayen Kilvarra, na gode. Ke ce kika ƙi yi wa uwata ƙaryar da ɗanta na cikinta ya roƙa a yi mata. Na ce ba ki san zafin haihuwa ba, alhali jarirai ɗari da arba'in da huɗu ba su da mai kiran su a duniya sai ke. Allah ya ba ki lafiya, ya bar miki sauran ganin da ya rage.

Ku kuma jama'a, in an zo shan shayin nan kada a tsaya ga tafi. Ɗakin bayan coci yana neman wanda zai karɓi mabuɗi, kuma ba sai mai digiri ba, mai haƙuri ake nema. Wanda ba zai iya wannan ba, yana da tsoho ko tsohuwa a gida. Ya je yau ya zauna, ya yi tambayar da aka saba kaucewa. In sun ƙi amsawa ya koma mako mai zuwa. Baffa Bartley zai faɗa muku abin da jinkiri ke jawowa.

Inna ta kai watan Satumba. Mako biyu kafin ta rasu, wata ma'aikaciyar jinya ta zo gida tana cike takarda, ta tambaye ta 'ya'ya nawa ta haifa. Tun da na yi wayo amsarta huɗu ce, a asibiti, a coci, a gaban baƙi. Na buɗe baki zan amsa mata, ta ɗaga mini hannu.

"Biyar," in ji ta. "Babbar sunanta Nuala."